Data na ƙarewa, karatu bai shiga ba: ku duba yadda ɗanku ya ɗauki ilimi

Idan kuna da ɗa ko 'ya mai karatu ta intanet, wataƙila kun san wannan: an sayi waya, ana zuba data duk mako, amma ƙarshen zango sai a tarar rabin darussan ko buɗe su ba a yi ba. Nan da nan sai a ɗora laifin kan rashin wuta, ko sabis, ko TikTok. Duk suna da nasu kason. Sai dai akwai dalilin da ba a cika dubawa ba, wato abin da shi ɗalibin ya ɗauka shi ne ilimi.

Maganar ta shafi mazauna Abuja kai-tsaye. A Jabi hedikwatar jami'ar karatu daga gida ta NOUN take, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shagari, aka dakatar a 1984, sannan gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita. Ɗalibanta da yawa ma'aikata ne da matan aure. Babu malamin da zai tsaya a kansu kullum. Littafin darasi ne, da waya, da jinga mai wa'adi. Tun rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona kuwa, wannan salon ya shigo har gidajen masu yara 'yan sakandare.

A 1990 wata mai bincike a Amurka, Marlene Schommer, ta ba ɗaliban jami'a wani rubutu da aka cire ƙarshensa, ta ce su kammala, su kuma faɗi iya yadda suka fahimta. Waɗanda suka yi imanin cewa karatu ko dai ya shiga nan take ko ba zai taɓa shiga ba, su ne suka kammala shi sama-sama, suka kasa a gwaji, alhali suna ganin sun gane sarai. Masu ganin ilimi tabbatacce ne da ba ya canzawa, sai suka yanke hukunci a inda marubucin ma bai yanke ba.

To ku ɗauki irin wannan ɗalibi ku ajiye shi gaban kwamfuta shi kaɗai. A aji, idon malami da kunyar abokai kan riƙe shi. A ɗaki kuwa, da ya kalli bidiyo sau ɗaya bai gane ba, sai ya ce abin ba nasa ba ne, ya rufe. Ba zai mayar da bidiyon baya ba, ba zai rubuta tambaya a zauren ajinsu na WhatsApp ba, don a ganinsa tambaya tonon silili ce. Abin da zai jira shi ne wani ya turo tambayoyin bara da amsoshinsu ya haddace.

Abin mamaki, mu da muka taso da makarantar allo mun fi kowa sanin ba haka ilimi yake ba. Sau nawa ake biya allo ɗaya kafin a wanke? Ɗalibin zaure yakan koma wa littafi ɗaya gaban malami na biyu, ya ji bayanin da na farko bai yi ba. Wannan haƙurin ne ba mu kai shi karatun boko ba, inda muka mayar da komai cin jarrabawa.

Daga bakinku gyaran zai fara. Maimakon "nawa ka ci?", ku tambaye shi, "me ya ba ka wahala yau, kuma ya ka yi da shi?" Ku rage kiran wani "mai ƙwaƙwalwa" da wani "daƙiƙi" a gaban yara, kalaman nan ne ke koya musu cewa basira rabo ce da ba ta ƙaruwa. Ku sa shi ya yi muku bayanin darasin da Hausa, ko da ba ku san fannin ba. Inda ya sarƙe, nan ne bai gane ba, sai ya koma wa wurin.

Idan kuma ke ce ɗalibar, bayan aiki da girki, kada ki bar darasi sai tsakar dare ido na yaji. Minti 30 bayan sallar asuba, da biro da takarda kusa da wayar, ki rubuta tambaya ɗaya da za ki tura wa malamin kwas kafin mako ya ƙare.