A Kula da Abin da Masu Juna Biyu ke Sha

Edita, ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in ja hankalin 'yan'uwana magidanta na Doguwa, Tudun Wada, Kiru da Bebeji.

Ni manomi ne, ina ɗan taɓa tireda a bakin hanyar Kano zuwa Jos. Ina ganin masu talla da 'yan kwalabe, wai maganin basir da ciwon baya. Wasu a cikinsu saiwoyi ne da aka jiƙa da giya. Sai maigida ya saya wa iyalinsa mai ciki, a ganinsa ya kyauta. To jama'a, abin da uwa ta sha yana isa ga ɗan tayi, kuma hantarsa ba ta iya tace giya. Sai a haife shi ƙanƙane, ya tashi ƙwaƙwalwa ba ta ɗaukar karatu, kuma har girma. A 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da hana giyar leda da ta ƙananan kwalabe.

Abin da mai ciki ke buƙata shi ne ƙwayar ƙarin jini da folik asid da ake bayarwa wajen awo, kullum. In bayan gida ya yi baƙi, aikin ƙwayar ne, kada ta daina. A haɗa mata da ƙwai, wake da zogale. Amma fa ƙwayar ba ta goge ɓarnar giya.

Don Allah duk kwalbar da ba mu san haɗinta ba, kada ta shiga gidajenmu. Rigakafi ya fi magani.

Naku,
Wani manomi, Falgore, ƙaramar hukumar Doguwa, Jihar Kano.