Babi na Bakwai: Gayya da Lissafin Maƙwabtaka

Idan damina ta kankama a ƙauyukan Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura, manomin da ciyawa ta fi ƙarfinsa yakan kira gayya. Maƙwabta su zo da fartanyoyinsu, a nome gonar, ya ciyar da su fura da tuwo. Gobe shi ma ya tafi gonar wani. To, me zai hana mutum ya ci moriyar gayya, ranar da aka neme shi kuma ya ɓuya?

Masana halittu sun daɗe suna juya wannan tambaya. A shekarar 1973, John Maynard Smith da George Price suka kwatanta zaman halittu da wasa, inda halin da ya fi kawo riba shi ke yaɗuwa. Lissafi ya nuna cewa idan kowa na cuɗanya da kowa kamar baƙi a kasuwa, ci-ma-zaune ke rinjaye har taimako ya ƙare.

A 1992, Martin Nowak da Robert May suka gwada wasan a kwamfuta, a fili mai gida-gida kamar na dara. Kowa na mu'amala da maƙwabtansa kaɗai, yana kuma kwaikwayon wanda ya fi samu a cikinsu. Sai masu taimako suka dunƙule gungu-gungu, alherinsu na komawa kan junansu. Mayaudari sai dai ya yagi na gefe, idan kuwa irinsa suka kewaye shi, ba abin da zai ci. Haka halayen biyu suka ci gaba da zama tare.

Maƙwabtaka na kare bambancin iri ma. A 2002, Benjamin Kerr da abokan aikinsa suka haɗa ƙwayoyin cuta na E. coli iri uku: mai fitar da guba, mai jure mata, da wanda take kashewa amma ya fi saurin hayayyafa. A kan faranti, inda kowane iri ya kama unguwarsa, duk ukun suka rayu. Da aka riƙa girgiza su a kwalba, mai juriyar kaɗai ya saura.

Wannan shi ne sirrin gayya. Gonarka na jikin tawa, baɗi ma muna nan tare, wanda ya ƙi zuwa kuwa gari ya sani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai hannuwan suna kusa da juna.