Kurkur a kwanon kare: abin da ya kamata ka sani kafin ka barbaɗa

Idan kana zaune a Ijora Badiya ko Agege, ko kana gadin wani sito a hanyar Apapa, da wuya ka ce ba ruwanka da kare. Ko ba naka ba ne, na maigida ne, kuma kai aka bar wa ciyar da shi. Bahaushe bai saba ajiye kare ba sai don gadi ko farauta, amma a Legas karen gadi dukiya ne, wani ma kuɗinsa ya fi albashin mai kula da shi na watanni. Yanzu kuma ga wata sabuwa ta shigo ta waya: bidiyoyi a Facebook da TikTok masu cewa a zuba wa kare kurkur a abinci, wai yana maganin ƙaiƙayi da ciwon gaɓoɓi.

Kurkur, wanda wasu ke kira gangamau, ba baƙo ba ne a gidanka. Shi ke ba garin kori launin rawaya, uwargida tana sa shi a shinkafa, 'yan mata suna kwaɓa shi a haɗin gyaran jiki, kuma ana auna shi da arha a kasuwar Mile 12. Sinadarin da ake yabo a cikinsa sunansa kurkumin. Kaɗan ne a cikin garin, bai cika wuce kashi 5 cikin 100 ba, kuma hanji ba ya tsotsarsa sosai. Shi ya sa masu haɗin intanet ke ƙara masa mai da masoro don ya shiga jini. Nan ne ya tashi daga kayan miya ya koma magani, magani kuwa yana da ƙa'ida.

Shin jikin kare yana iya ƙin kurkur har ya yi borin jini? Yana iyawa, sai dai ba kasafai ba. Abincin da aka fi kamawa da wannan laifi a karnuka shi ne naman sa, madara, kaza da alkama. In borin ya zo, yakan zo iri biyu. Na farko mai sauri ne: cikin mintuna ko 'yan sa'o'i fuska ta kumbura, musamman leɓe da fatar ido, jiki ya yi rudu-rudu, wani lokaci har da amai. In ka ga numfashi ya fara sarƙewa ko karen ya zube, kada ka jira gari ya waye, ka nemi likitan dabbobi a take. Na biyun a hankali yake zuwa: susa ba dare ba rana, lasar tafin ƙafa, kunne ya yi ja yana wari. Wanda aka shafa wa kwaɓin kurkur a fata kuma wurin na iya yin ja ya ƙara ƙaiƙayi, kamar yadda yake yi wa wasu matan a fuska.

Abin da ya fi yawan faruwa ma ba borin jini ba ne, yawan da aka zuba ne. Kurkur mai yawa yana ɓata ciki, ya kawo zawo ko amai. Yana rage daskarewar jini, don haka bai dace da karen da za a yi wa tiyata ko wanda ke shan maganin ciwon gaɓoɓi ba. Yana motsa matsarmama, kuma yana iya ƙara wa mai tsakuwar mafitsara matsala. Ga kuma batun algus: a Bangaladash masu bincike sun gano ana haɗa garin kurkur da rini mai ɗauke da dalma don launinsa ya yi kyau. Wanda ya tuna abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sayen saiwar ka daka da kanka ya fi kwanciyar hankali, ko don tukunyar gidanka.

Sau da yawa kuma kurkur ɗaukar laifin wani yake yi. Karen gadi a nan ragowar abinci yake ci, dafa-duka ko soyayyar shinkafa, kuma abin tsoro a cikin wannan kwano albasa ce da tafarnuwa. Ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Alamar ba ta fitowa ranar, sai bayan kwana biyu ko fiye ka ga dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu, kare ya kwanta ba haushi.

To yaya za ka gane ko kurkur ɗin ne? Ka daina ba shi gaba ɗaya, har da duk abincin da aka sa wa kori, ka lura. In susar ba ta lafa ba, likita yakan ɗora kare a kan abinci iri ɗaya tak na kimanin mako 8, sannan a riƙa mayar da abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin rai, domin ƙashi ɗaya da yaro ya jefa masa ya isa ya rushe gwajin.

Amma kafin a kai can, a duba fatar tukuna. A wuri mai laima da kwanciyar ruwa irin Ijora, ƙuma da kaska da ƙazuwa su ne kan gaba wajen sa kare susa, kuma babu wanda kurkur ke kashewa a cikinsu. Baƙin mai da wasu ke shafawa guba ne, karen zai lashe shi. Farasitamol da sauran magungunan ciwon jiki na mutane ma suna iya lalata masa hanta ko ƙoda. Akwai asibitin dabbobi na gwamnatin jihar Legas a Oko-Oba da ke Agege, inda za a kankari fatar a duba. In za ka je, tafi da ragowar garin da aka ba shi, ka faɗi ranar da aka fara da yawan da ake zubawa, ka kuma tambayi allurar rigakafin haukan kare in lokacinta ya yi.

Uwargida, ke ma da naki aikin. Makero da ƙazuwar kare suna iya kama mutum. In karen tsakar gida yana zubar da gashi, ki hana yara wasa a inda yake kwanciya, ki duba kansu da hannuwansu lokacin wanka. In kin ga zagayayyen tabo ko ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi, ki kai su asibiti, ki kuma gaya wa likita cewa akwai kare mai susa a gidan.