Matsalolin jerin umurnin da ke ƙidayar injinan kwaikwayo da ke kashe

Manufar wannan takarda ita ce bayyana dalilan da ke sa rahoton injinan kwaikwayo da ke kashe ya fito da giɓi, ko ya fito da ƙarya. Da "injin kwaikwayo" muna nufin abin da Faransanci ke kira machine virtuelle, watau kwamfutar da ba ta da jikin kanta, tana zaune ne cikin wata babbar kwamfuta. Babbar za mu kira ta mai masauki, ƙaramar kuwa baƙuwa. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin kamfanin IBM ya fitar da VM/370 tun 1972. Amma misalanmu za su fi karkata ga vSphere na kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998, Broadcom kuma ya saye shi a 2023.

Me ya sa ake neman wannan rahoto? Injin da ke kashe ba ya cin ƙwaƙwalwa, amma faifansa na nan yana cin wuri. Idan ma'aji ya cika, sai a ce da mai kula ya kawo sunayen waɗanda suka daɗe a kashe domin a share su. A nan haɗarin yake: injin da ke riƙe da makin ɗalibai, wanda ba a tayar da shi sai lokacin jarrabawa, yana iya shiga cikin jerin.

A PowerCLI, umurnin Get-VM yana ba kowane inji hali ɗaya cikin uku: PoweredOn, PoweredOff ko Suspended. Wanda ya rubuta "duk wanda ba ya kunne" ya haɗa na kashe da na dakatarwa, alhali na dakatarwa yana riƙe da aikin da bai ƙare ba. Akwai kuma batun baƙaƙe. A can ƙasa vSphere na rubuta poweredOff da ƙaramin baƙi. PowerShell bai damu da wannan bambanci ba, Python kuwa ya damu. Saboda haka jerin da aka juya daga wannan harshe zuwa wancan yana iya komowa babu suna ko ɗaya, kuma ba tare da ya yi ƙorafi ba. Haka nan Get-View yana haɗawa da samfura, watau injinan da ake ajiyewa don kwafa, waɗanda kullum a kashe suke, Get-VM kuwa ba ya kawo su. Shi ya sa ma'aikata biyu kan ƙidaya wuri guda su samu adadi dabam.

Na biyu, wasu bayanai daga bakin baƙuwa suke fitowa. Lambar IP da sunan da injin ya ba kansa, shirin VMware Tools ne ke kawo su, shi kuwa yana aiki ne cikin baƙuwar. In ta yi barci, gurbin yakan zama wayam. Jerin da ya nemi yin aiki da abin da babu sai ya tsaya, ko ya tsallake layin. Magani shi ne a duba ko gurbin na da wani abu kafin a taɓa shi, a kuma ɗauko irin tsarin aikin injin daga sashen Config, wanda mai masauki ke riƙe da shi, ba daga sashen Guest ba.

Matsalar da ta fi wuya ita ce ta rana: yaushe aka kashe injin? Hanyar da aka saba ita ce a bincika kundin aukuwa da Get-VIEvent, a nemi VmPoweredOffEvent na ƙarshe. Tarko uku ne a nan. Umurnin ba ya kawo fiye da aukuwa 100 in ba a ɗaga MaxSamples ba, kuma a wurin da ake yawan aiki, 100 ba ta kai ko yini guda. Sannan tun daga vSphere 6.0, in ba a canza ba, kundin yana ajiye aukuwa na kwana 30 ne kawai. Ma'anar wannan ita ce injin da ya shekara a kashe, wanda shi ne ainihin abin nema, shi ne zai fito ba rana. Idan mai rubutu ya ce a zubar da layin da ba rana, to ya zubar da amsar da kanta. Na uku, in wuta ta ɗauke mai masauki ya mutu farat ɗaya, ba lallai a rubuta aukuwar kashewa ba, tun da babu wanda ya ba da umurni. Duk wanda ya kula da ɗakin na'urori a watannin zafi ya san wannan ba zancen takarda ba ne.

A ra'ayinmu, gurbin da ba rana a rubuta masa "ya wuce kwana 30, ko ba a sani ba", sannan a nemi shaida ta biyu: ranar ƙarshe da aka taɓa fayil ɗin vmware.log a cikin ma'aji. Wannan ƙiyasi ne, domin ƙaurar da injin daga wani ma'aji zuwa wani na iya sabunta ranar. A tuna kuma cibiyar vCenter na ajiye lokaci bisa agogon UTC, Nijar kuwa tana gaba da awa ɗaya. Abin da ya faru da ƙarfe 12 da rabi na dare a Zinder yana iya fitowa da ranar jiya.

Kafin a yarda da halin wuta, a duba halin haɗuwa. Idan mai masauki ya daina amsawa, injinansa na fitowa disconnected. Akwai kuma orphaned da inaccessible. Abin da aka gani game da waɗannan tsohon labari ne, bai kamata su shiga jerin sharewa ba. Kada kuma a dogara da suna kaɗai, domin injina biyu a jakunkuna dabam na iya ɗaukar suna ɗaya. Lambar da vCenter ke ba kowane inji ita ce abin riƙewa.

Masu aiki da KVM su lura cewa virsh list ba ya nuna na kashe sai an ƙara --all. Kuma a kwamfutar da aka saita da Faransanci, kalmar hali na fitowa a fassare, sai jerin da ke neman "shut off" ya rasa ta. Gara a yi amfani da --state-shutoff.

Saura fitar da rahoton. Export-Csv na ɗaukar sunayen ginshiƙai daga layin farko, don haka kowane layi ya zo da gurabe iri ɗaya. Excel na Faransanci yana jiran aya mai waƙafi tsakanin gurabe, ba waƙafi ba, sai a sa -UseCulture. A PowerShell 5.1 kuwa, in ba a ce -Encoding UTF8 ba, ɗ da ƙ da é duk suna komawa alamar tambaya, har mai injin ya kasa gane bayanin da shi da kansa ya rubuta.