Pennacchio: Daga gashin tsuntsu zuwa ilimin halittu

A harshen Italiyanci, kalmar pennacchio ta samo asali ne daga penna, wato gashin tsuntsu. Ma'anarta ta farko ita ce tuntun gashin da mayaƙa ke kafawa a saman kwalkwali. Daga baya magina suka ari kalmar, suka laƙaba ta ga fili mai kusurwa uku da ke saura tsakanin bakuna biyu na gini. Ba wanda ke tsara wannan fili don kansa. Duk inda aka ɗora kubba a kan bakuna huɗu, dole ne ya bayyana.

A shekarar 1979, masana biyu daga Jami'ar Harvard ta Amurka, Stephen Jay Gould da Richard Lewontin, suka wallafa wata muƙala da ta shigar da wannan fili cikin nazarin sauye-sauyen halittu. Sun kafa misali da majami'ar San Marko da ke birnin Benis, inda aka ƙawata filayen da ke ƙarƙashin kubba da hotunan marubutan Linjila huɗu. Adon ya dace da wurin har mai kallo zai ɗauka don shi aka yi filayen, alhali gini ne ya samar da su, ado ya biyo baya.

Manufarsu ita ce jan kunnen abokan aikinsu masu ƙirƙiro wa kowace siffa ta jikin halitta labarin amfanin da ya sa ta wanzu. A ganinsu, wasu siffofin sakamako ne kawai na yadda jiki ke ginuwa. Misali haɓar ɗan Adam, wadda suke ganin ta fito ne daga yadda sassan muƙamuƙi ke girma.

Kalmar Ingilishi da suka zaɓa, spandrel, ta jawo gardama. A 1995 masanin falsafa Daniel Dennett ya nuna cewa magina na kiran irin filayen San Marko da wani suna dabam. Italiyanci bai shiga wannan rigima ba, domin pennacchio ta haɗa fili na bango da na ƙarƙashin kubba duka.

A yau idan masanin halittu a Italiya ya furta kalmar, tambaya yake yi: shin amfani ne ya samar da wannan siffa, ko kuwa siffar ce ta riga amfanin?