Hukuncin Tsangwama da Cin Zarafin Wanda Ake Zargi da Luwaɗi ko Maɗigo

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, tambayoyi suna yawan zuwa wannan shafi a kan mas'ala guda, kowa da yadda yake kawo ta. Wani ya ce a unguwarsu akwai saurayin da ake raɗe-raɗin yana neman maza, matasa sun shirya yi masa duka, shin ya shiga cikinsu? Wani mai gidan haya ne, ya ji ana magana a kan ɗan hayarsa, yana so ya watsa masa kaya waje. Wata uwa ce da ta ga saƙo a wayar 'yarta, mahaifin kuma ya rantse sai ya kore ta. Wani yana tambaya ko ya halatta ya tsaya sahu ɗaya da ɗan daudu, ko ya sayi abincin da ya dafa.

Ka sani, ya ɗan'uwa, da ke 'yar'uwa, cewa malaman mazhabobi huɗu ba su saɓa ba a kan haramcin luwaɗi da maɗigo, kuma masu tambaya duk sun san haka. Abin da ya shige wa mutane duhu shi ne: shin haramcin aiki yana halatta maka jini da dukiya da mutuncin wanda ake zargi da shi? Amsa ita ce a'a. Wanda ya doki mutum ko ya tona masa asiri ko ya kore shi a kan zato, ya ɗauki zunubi tabbatacce saboda zunubin wani da bai tabbata ba.

Mutane huɗu muke kira da suna ɗaya

Na farko shi ne mata-maza, wanda aka haifa da alamar namiji da ta mace, malaman fiƙihu suna ce masa hunsa. Wannan halittar Allah ce, ba shi da laifin komai. Shari'a ta kula da shi har ta fitar masa da rabon gado: idan ba a iya tantance jinsinsa ba, a mazhabar Malikiyya ana ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace. Da mas'alarsa ma Shehu Halilu ya rufe littafinsa na Muhtasar. Wanda yake yi masa dariya, halittar Ubangiji yake yi wa.

Na biyu shi ne namijin da aka halitta da laushin murya da tafiya irin ta mata. Imamu Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim ya raba mai kamanceceniya da mata gida biyu: wanda haka aka halicce shi, ya ce babu zargi ko zunubi a kansa, da wanda ya ƙirƙiro wa kansa da gangan, wanda shi ne hadisin la'anta ya shafa. Ibnu Hajar ya ƙara da cewa na farkon ana umartarsa ya yi ƙoƙarin bari a hankali gwargwadon ikonsa. To yaro nawa ne a makarantun allo da na boko ake kira da mugun suna tun yana ɗan shekara bakwai, alhali bai ma san ma'anar kalmar ba?

Na uku shi ne wanda yake jin sha'awar jinsinsa a zuciya amma bai aikata ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukata suka raya matuƙar ba a aikata ko an furta ba. Idan ya kame kansa don tsoron Allah, lada yake samu.

Na huɗu shi ne wanda ake cewa ya aikata. A kansa sauran bayanin zai fi tsayawa.

Zargi ba hujja ba ne

A Suratun Nur, aya ta 4, Allah ya yanke wa wanda ya jefi mai kamun kai da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba bulala 80, ya hana karɓar shaidarsa, ya kira shi fasiƙi. Malamai sun shigar da maza cikin wannan hukunci. Mai Risala, Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, ya faɗa ƙarara cewa wanda ya jefi mutum da kalmar luwaɗi haddin ƙazafi ya hau kansa, kuma a mazhabarmu ko da habaici ya yi, in dai an fahimci nufinsa, haddin yana nan.

Shaidu huɗun kuwa sai sun kasance adilai, sun ga aikin da idanunsu, maganarsu ta zo ɗaya. A zamanin Sayyidina Umar, mutum huɗu sun zo ba da shaida a kan Mugiratu ɗan Shu'uba. Uku suka tabbatar, na huɗu ya kasa cika shaidar yadda ake buƙata. Sayyidina Umar ya sa aka yi wa ukun bulala, cikinsu har da Abu Bakrata, sahabin Annabi (S.A.W).

Ka auna wannan da abin da muke yi yau. An gan shi yana yawan tafiya da wane. Ya kai shekara arba'in bai yi aure ba. An turo hotonsa a WhatsApp. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da alƙalin Musulunci zai saurara. Duk wanda ya tura irin wannan saƙo gaba, ya shiga cikin masu ƙazafin, kuma aya ta 19 a wannan sura ta yi alƙawarin azaba mai raɗaɗi ga masu son alfasha ta yaɗu tsakanin muminai. Hausawa ma sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Leƙen asiri da tona asiri

Suratul Hujurat, aya ta 11 da ta 12, ta hana izgili, da jifan juna da miyagun sunaye, da yawan zato, da bin diddigin asirin mutane, da cin naman ɗan'uwa. Ba ta cire mai saɓo daga wannan kariya ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wa Ibnu Mas'ud wani mutum aka ce gemunsa yana ɗigar giya, sai ya amsa da cewa an hana su binciken asiri, suna kama mutum ne da abin da ya bayyana. A Muwaɗɗa kuma, Annabi (S.A.W) ya gaya wa Hazzalu, wanda ya ƙarfafa wa Ma'izu gwiwar zuwa ya faɗi laifinsa, cewa da ya rufe shi da mayafinsa da ya fi masa alheri.

Saboda haka buɗe wayar mutum ba da izininsa ba, ko leƙa ɗakinsa, ko fasa masa ƙofa, duk haramun ne. Mafi muni shi ne abin da wasu matasa suka mayar sana'a: su yaudari mutum ta intanet, su kira shi wani wuri, su tuɓe shi su ɗauki bidiyo, su ce ya biya kuɗi ko su watsa. Wannan fashi ne, kuɗin haramun ne, kuma kiransa kishin addini ƙarin zunubi ne a kan zunubi.

Akwai abu ɗaya da ba ya shiga rufin asiri: wanda ya yi wa yaro ko wani babba fyaɗe. Nan akwai wanda aka zalunta, wajibi ne a kai magana gaban hukuma, a kai yaron asibiti, a tsare sauran yara. Abin takaici, sau da yawa mun juya al'amarin: a rufa wa mai fyaɗe asiri don ɗan babban gida ne, a taru a kan talakan da ba a kama shi da komai ba.

Hukunci ba na taron jama'a ba ne

Malamai sun haɗu a kan cewa zartar da ukuba aikin shugaba ne ko alƙalin da ya naɗa, bayan tuhuma da shaida da ba wa wanda ake ƙara damar kare kansa, kuma ana tunkuɗe haddi da shubuha. Maƙwabci da ɗan banga da limamin unguwa babu mai wannan iko.

A ƙasarmu mun ga abin da ke faruwa idan aka keta wannan iyaka. A watan Janairun 2014 aka sa hannu a dokar hana auren jinsi a Najeriya. A cikin watan, jama'a suka yi wa wata kotun Shari'a a Bauchi ruwan duwatsu ana tsakiyar sauraren ƙarar wasu da ake tuhuma, har zaman ya watse. A wata mai bi masa, a unguwar Gishiri da ke Abuja, gungun mutane suka fito da wasu daga gidajensu cikin dare suka lakaɗa musu duka. Mai jifan kotun Shari'a ba zai ce Shari'a yake karewa ba. Idan kuma wani ya mutu a irin wannan duka, jininsa yana wuyan duk wanda ya sa hannu, domin a mazhabarmu jama'a ana kama su da ran mutum ɗaya idan suka haɗu suka kashe shi.

A cikin Sunan na Abu Dawuda an kawo wa Annabi (S.A.W) wani mai kwaikwayon mata da ya yi lalle a hannu da ƙafa. Shi da kansa, a matsayinsa na shugaba, ya yanke abin da za a yi da shi. Da aka tambaya ko a kashe shi, ya amsa cewa an hana shi kashe masu salla.

Haƙƙoƙin da saɓo ba ya kayarwa

Mu ɗauka ma abin ya tabbata. A aƙidar Ahlus Sunna, babban zunubi ba ya fitar da Musulmi daga Musulunci matuƙar bai halatta shi ba. Don haka:

Masallaci ɗakin Allah ne. Babu mai ikon korar mai salla daga sahu, kuma sallarka ba ta ɓaci don wanda ya tsaya kusa da kai. Idan ka kore shi daga masallaci, ina kake so ya je ya ji wa'azi?

Idan ya mutu a yi masa wanka da sutura da salla, a binne shi a maƙabartar Musulmi. Malamanmu sun so manyan malamai su ja baya ga gawar wanda ya shahara da bayyana saɓo don jan kunnen masu rai, amma babu wanda ya ce a bar ta babu salla.

Gadonsa yana nan. Abubuwan da suke hana gado sanannu ne, kamar kisa da bambancin addini, saɓo ba ya cikinsu.

Ciniki da shi halal ne, abincinsa halal ne, kuɗin aikinsa wajibi ne a biya shi. Haya kuma yarjejeniya ce mai ɗaurewa. Muhtasar ya ambata cewa haya ba ta warwarewa don fasiƙancin ɗan haya ya bayyana, idan yana cutar da maƙwabta bai daina ba alƙali ne zai shiga maganar. Balle kuma wanda jita-jita kawai aka ji a kansa.

Magani haƙƙinsa ne. Likita ko ma'aikaciyar jinya da ta wulaƙanta marar lafiya ko ta bayyana sirrinsa ta ci amana. Mutumin da yake tsoron zuwa asibiti zai ɓoye cuta irin ta ƙanjamau har ta kai ga matarsa da abin da ke cikinta, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Danginsa kuma babu ruwansu. Ƙaurace wa mahaifiyarsa ko fasa auren ƙanwarsa saboda shi zalunci ne, domin Suratul An'am, aya ta 164, ta tabbatar cewa babu mai ɗaukar nauyin wani.

Ga iyaye

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da aka kora ba gyaruwa yake yi ba, tasha yake komawa, inda yunwa za ta miƙa shi ga masu amfani da shi. 'Ya mace kuwa halinta ya fi haka tsanani. Ka kira ɗanka kai da shi kaɗai, ka saurare shi kafin ka yi magana, ka bincika ko wani babba ne ya taɓa cutar da shi yana ƙarami. Kada ka tara masa dangi, kada ka ɗaure shi da mari, kada ka kai shi inda za a doke shi da sunan cire aljani. Kada kuma ka yi masa auren gaggawa da 'yar mutane don ka rufe bakin unguwa, ka gyara sunanka ka jefa baiwar Allah cikin baƙin ciki. Ka kiyaye harshenka daga tsinuwa, domin addu'ar iyaye karɓaɓɓiya ce. Idan ka ji yana ambaton gara ya mutu, kada ka ɗauke shi wasa, ka zauna tare da shi, ka kai shi wurin likita.

Shin wannan ba goyon bayan saɓo ba ne?

Wani zai ce tausasawa tana ƙarfafa masu ɓarna. To ga Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi da aka sha kawowa ana yi masa bulala saboda giya. Da wani ya tsine masa, Annabi (S.A.W) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwaya makamanciyarta ya hana sahabbai su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Babu wanda ya fi Annabi ƙin giya, kuma bai yarda a wulaƙanta mashayin ba. Suratul Ma'ida, aya ta 8, ta umarce mu da adalci har ga mutanen da muke ƙi. Wannan adalcin ya game Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Mai cin riba da mai shaidar zur da mai saɓa wa iyaye suna shiga sahun gaba babu mai ce musu uffan, alhali duk manyan zunubai ne. Idan kana da nasiha, ka yi ta a ɓoye da lafazi mai daɗi. Idan ka ga an taru a kan wani, ka hana in kana iyawa, ko ka kira hukuma ta cece shi. Idan aka turo maka hotonsa, ka goge, ka yi wa wanda ya turo nasiha. Idan kuma kai ne ka taɓa jifan wani da wannan kalma, ka tuba, ka ƙaryata kanka a wurin da ka faɗa, ka nemi yafewarsa tun kafin ranar da za a biya bashi da lada.

Kai kuma da aka jarraba da wannan al'amari, kada wulaƙancin mutane ya raba ka da salla da Alƙur'ani. Aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana ka yanke ƙauna daga rahamar Ubangijinka, kuma ba a wajabta maka ka tona wa kanka asiri a gaban kowa ba.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya shiryar da mu da zuriyarmu, ya tsare mu daga zaluntar bayinsa. Allah ne Mafi sani.