Asalin Sunan Nowak a Ƙasar Folan

Babu sunan zuriya da ya kai Nowak yawa a ƙasar Folan, domin masu amsa shi sun kai kimanin 200,000. Tushensa shi ne kalmar "nowy", wato sabo, wadda aka liƙa wa ɗafa-ƙeyar "-ak". Da farko laƙabi ne da akan yi wa baƙon da ya zo ya zauna a ƙauye, daga bisani 'ya'ya suka gada. A al'adance akan kira matar mai sunan Nowakowa, 'yarsa kuwa Nowakówna. Dalilin yawansa shi ne kowane gari da nasa baƙon, saboda haka haɗa suna ba ya nufin haɗa jini. A ƙasashen Cek da Silobeniya ma takwaransa Novak ne kan gaba.